Baki, Zambo da Zanga-zanga a Yaƙi da Wariyar Launin Fata: Tambayoyin da Matasan Kaduna ke Yawan Yi

Tun watan Mayun 2020 da bidiyon kisan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe a Amurka, ya zaga wayoyin jama'a, da wuya mu zauna da matasa kan batun zaman tare, a Kawo ne ko a Barnawa, maganar wariya ba ta shigo ba. Kuma ba ta daɗewa take komawa gardamar kalmomi: wa ke da ikon faɗin me, wane wasa ne ya wuce gona da iri, wace zanga-zanga ce ta zama tarzoma. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa. Inda nake da ra'ayi na faɗe shi.

Me ake nufi da sa wa harshe ido a wannan gwagwarmaya?

Abubuwa uku ne ake cusawa a buhu ɗaya. Akwai masu fafutuka da ke cewa a daina wasu kalmomi saboda zagi ne. Akwai hukuma, kotu da kamfanonin sada zumunta da ke tace kalaman masu fafutukar kansu, da zambonsu, da fitowarsu titi. Sannan akwai mutumin da ba ya musun an yi zalunci, amma muryar mai ƙorafin ce ta dame shi. Duk almakashi ne, sai dai ba hannu ɗaya ke riƙe da shi ba, ba kuma wuya ɗaya yake nufa ba. Yawancin gardamarmu daga haɗa ukun nan take tasowa.

Mu duka baƙaƙe ne a nan. Me ya haɗa mu da wannan magana?

Ka tambayi wanda ya fita. A Nuwamban 2017 CNN ta nuna ana gwanjon baƙaƙen 'yan ci-rani a Libiya. A Afrilun 2020 an riƙa korar 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal a birnin Guangzhou na ƙasar Sin da sunan korona, cikinsu har da 'yan kasuwarmu. A Fabrairun 2023 jawabin shugaban Tunisiya Kais Saied kan baƙin haure ya jawo wa baƙaƙen fata farmaki a ƙasar. Wanda kuma ya taɓa zama a Saudiyya ya san nauyin da "takari" ke ɗauka a wasu bakunan.

Bayan haka, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1965 kan kawar da wariya, wadda Najeriya ta shiga a 1967, ba launi kaɗai ta ambata ba; ta haɗa da asali, zuri'a da ƙabila. Sashe na 42 na tsarin mulkinmu ma ya hana nuna bambanci saboda ƙabila, wurin asali ko addini. A wannan ma'aunin, abin da muke kira ƙabilanci ɗan gidan ne.

Ai kalma ce kawai. Tana kisa ne?

Bahaushe da ya ce baki shi ke yanka wuya bai jira Turawa sun koya masa ba. A Ruwanda a 1994 sai da rediyo ya gama mayar da Tutsi kyankyasai kafin adda ta gama aikinta. A garin nan, a Nuwamban 2002, rubutu guda a jarida kan gasar sarauniyar kyau ya zama sanadin rikicin da ya ci rayuka fiye da 200. Ranar 6 ga Yunin 2017 wasu ƙungiyoyi suka tsaya a Arewa House suka ba Ibo wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba. An janye wa'adin a watan Agusta, amma ka tambayi masu shaguna yadda suka kwana a tsakani.

Ga wani misali da zai ba mai jin Hausa mamaki. Zagi mafi muni da farar fata ke yi wa baƙi a Afirka ta Kudu daga kalmar Larabci "kafir" ya samo asali. A can ta bar maganar addini, ta koma tambarin ƙasƙanci na zamanin mulkin wariya. A 2018 kotu ta ɗaure Vicki Momberg shekara 3, aka jingine ɗaya, saboda ta jefi baƙaƙen 'yan sanda da kalmar sau 48. Ma'anar da ke cikin ƙamus ba ta cece ta ba, domin tarihin da kalmar ta kwaso a hanya shi ake ji.

To waɗanne kalmomi ne namu da ya kamata mu duba?

Nan ne zama ke yin tsit. Mai sauƙi ne a zagi ɗan sandan Amurka, mai wuya shi ne a duba abin da ake faɗa a zauren gida. "Arne" ita ce ta farko. Da yawa suna cewa ba zagi suke nufi ba, suna ne kawai. Amma Kiristan da ke zuwa coci a Sabon Tasha bai ɗauki kansa mara addini ba, kuma ya san yanayin da ake ɗaga murya da kalmar: lokacin da gari ya rikice. Sai "Inyamuri", wadda ake dangantawa da yadda Ibo ke cewa a ba su ruwa. Kwaikwayon bakin mutum ne aka mayar masa suna. Sai "gwaranci", da muke kiran duk maganar da ba ta fita sosai, ba tare da mun lura cewa sunan wata al'umma muka mayar ma'aunin rashin iya magana ba, al'ummar da kuma ƙasarta ce aka kafa birnin Kaduna a kai.

Akwai kuma sunayen ƙabilu. Waɗanda muka saba kira Kataf sun ce Atyap ne su. Kaje sun ce Bajju, Jaba sun ce Ham, Kadara sun ce Adara, Gwari sun ce Gbagyi. Ba duk tsofaffin sunayen ne zagi ba, wasu ma har yanzu suna kan ƙananan hukumomi, kamar Jaba da Zangon Kataf. Sai dai idan mutum ya gaya maka sunansa ka nace da wanda kai ka raɗa masa, ka faɗi wani abu game da wanda kake ganin yana da ikon raɗa suna. Suratul Hujurati, aya ta 11, ta hana jifan juna da miyagun laƙabobi, ba ta ware maƙwabcin da ba Musulmi ba a matsayin wanda mutuncinsa ya halatta.

Kuma hanyar ba mai tafiya ɗaya ba ce. A tsallaken kogin Kaduna ma akwai sunayen da ake kiran Hausawa da Fulani da su, akwai kuma ɗabi'ar mayar da kowane Bafulatani ɗan bindiga a rubutu da zance. Makiyayin da aka sace wa shanu aka kuma kira shi ɓarawo, sau biyu aka cuce shi.

"Aboki" fa? Ba kalma ce mai kyau ba?

A Tudun Wada kyakkyawa ce. A bakin fasinja a Legas da ke wa mai acaɓa tsawa, ta koma "ɗan Arewa jahili". Wanda ya ji zafin wannan ya riga ya fahimci amsar da ke sama kan "arne", ko da bai so ba.

Na ji ana cewa a daina alaƙanta baƙi da sharri. Sai mu bar "baƙin ciki" da "baƙin jini"?

A'a, a ganina. A 2020 wasu kamfanonin kwamfuta sun sauya kalmomin aikinsu. GitHub, alal misali, ya sauya sunan babban reshen manhaja daga wata kalma da ke tuno ubangida da bawa. Wannan ya fito ne daga tarihin Turanci a ƙasar da aka yi ƙarnuka ana bautar da baƙi. Wanda ya ce "farin ciki" da Hausa baƙi ne yana magana da baƙi ɗan'uwansa, babu wanda yake nuna wa yatsa.

Inda launi ke cizo a wajenmu daban ne: man shafawa na sauya fata da ke cike da kasuwa, zancen "fara ko mayya ce" a neman aure, da yadda ake tsokanar zabiya a makaranta. Kwaso jerin haramtattun kalmomin Amurka a dasa a Hausa ya fi sauƙi a kan taɓa waɗannan, shi ya sa wasu suka fi son sa.

Muna da wasan taubasai da barkwancin ƙabilu. Shi ma za a hana?

Bafulatani da Babarbare suna kiran juna bawa su yi dariya. Haka Kanawa da Zazzagawa, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarbawa. Wasan yana da ƙa'ida ko da ba a rubuta ba: kowa na ramawa, kowa ya san abokin wasansa, kuma ba ya hana ka ba shi 'yarka. Da zarar ɗaya ya kasa ramawa don tsoron aiki ko rai, ya tashi daga wasa.

Matsalar intanet ita ce ba ta da zaure. A 2019 Bernardo Silva ya sa hoton abokinsa Benjamin Mendy kusa da zanen wani baƙin yaro na kwalin alewa. Abokai ne, hukumar ƙwallon Ingila ma ta yarda ba cin mutunci ya nufa ba, duk da haka ta dakatar da shi wasa ɗaya da tarar fam 50,000, domin miliyoyin da suka gani ba taubasansa ba ne. Na fahimci wannan hukuncin. Wanda ban gamsu da shi ba na Edinson Cavani ne a 2020: ya gode wa abokinsa a Instagram da wata kalmar Sifaniyanci da a Uruguay ake faɗa don ƙauna, aka dakatar da shi wasa 3 da tarar fam 100,000, har cibiyar harshe ta ƙasarsa ta yi tir da hukuncin. An auna harshen wani da kunnen Bature. Kwatanta da Luis Suárez, wanda ya faɗi kalma mai kama da ita ga Patrice Evra a 2011 cikin faɗa a fili, ya sha dakatarwar wasa 8. Kusan kalma ɗaya, amma godiya da faɗa ba ɗaya ba ne.

Idan zambon wariyar yake yi wa, me ya sa ake kama mai zambon?

Saboda zambo yakan ari rigar abin da yake zagi, kuma daga nesa rigar kawai ake gani. A Yulin 2008 mujallar New Yorker ta zana Barack Obama da rawani, matarsa rataye da bindiga, tutar Amurka na ci a murhu. Nufinta ta yi dariyar masu yaɗa jita-jitar cewa shi ɗan ta'adda ne. Kwamitin kamfen na Obama da kansa ya yi tir da zanen, kuma mai wannan jita-jitar zai iya manna shi a bango ba tare da ya ji an taɓa shi ba. Habaicin da mai shi bai gane ba, kirari ka yi masa.

Wani lokaci kuma mai ƙarfi ne ke fakewa da doka. A Afirka ta Kudu wani ƙaramin kamfanin riguna mai suna Laugh It Off ya juya tambarin wata shahararriyar giya ya koma zancen gumin baƙi da laifin fari. Kamfanin giyar ya kai ƙara ya yi nasara a ƙananan kotuna, sai a 2005 kotun tsarin mulki ta ba masu rigar gaskiya. Ɗaya gefen kuma: zanen da wata jaridar Ostareliya ta yi wa Serena Williams a 2018, da manyan leɓɓa irin na tsoffin zanen ƙasƙanta baƙi, hukumar 'yan jarida ta ƙasar ta wanke shi a 2019. Mu da muka san Tashe da 'yan kama mun san inda zambo ke daɗi: idan ya hau kan mai rowa, azzalumi ko malamin tsibbu mai kwaɗayi. Wanda ya hau kan halittar mutum ba ya buƙatar basira.

Me ya sa kullum ake ce wa wanda aka zalunta ya sassauta murya?

Domin gyara muryar mai kuka ya fi arha a kan gyara abin da ya sa shi kukan. A 1963 malaman addini farare 8 a Birmingham ta Amurka suka ce zanga-zangar Martin Luther King ba ta dace da lokaci ba. Daga kurkuku ya amsa musu cewa mai fifita lumana a kan adalci ya kusa fin maƙiyi na fili zama cikas. Yau kowa na yabonsa da laushin hali, amma a ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup a 1966 kusan kashi biyu cikin uku na Amurkawa ba sa ganinsa da kyau. A 2016 Colin Kaepernick, ɗan wasa a gasar ƙwallon Amurka ta NFL, ya durƙusa lokacin taken ƙasa don nuna adawa da zaluntar baƙaƙe, ba ihu ba jifa, kuma wani tsohon soja ne ma ya ba shi shawarar durƙuson don girmamawa. Tun ƙarshen kakar nan bai sake buga wasa a gasar ba. Idan durƙuso ma ya yi tsauri, to ba salon ne matsalar ba.

Addini bai goyi bayan wannan ɗabi'a ba. Suratun Nisa'i, aya ta 148, ta ce Allah ba Ya son bayyana mummunar magana sai daga wanda aka zalunta. A Bukhari akwai mutumin da ya zo neman bashinsa wajen Annabi (SAW) da kaushin harshe, sahabbai suka yunƙura, ya ce su ƙyale shi, mai haƙƙi yana da magana. Wannan ba lasisin zagin kowa ba ne. Duba amsar da ke ƙasa kan bambancin zafin magana da tunzurawa.

Na kwafo zagin da aka yi mini na nuna wa duniya, sai shafina aka rufe. Ta yaya?

Na'ura kalma take gani, ba ta ganin wa ya faɗa wa wa. Wanda ya zage ka da habaici ya tsira, kai da ka maimaita kalmar ƙarara ka faɗa tarko. A 2017 kafar ProPublica ta fallasa ƙa'idojin cikin gida na Facebook na lokacin, inda "farare maza" ke da cikakkiyar kariya amma "baƙaƙen yara" ba su da ita, saboda launi da jinsi na cikin jerin kariya, shekaru kuwa ba sa ciki. Wani bincike na jami'ar Washington a 2019 ya gano na'urorin tace zagi sun fi saurin yi wa rubutun Turancin baƙaƙen Amurka tambarin ɓatanci, har kusan ninki biyu. Ka ƙiyasta yadda za su yi da gugar zana ta Hausa.

Ba na'ura kaɗai ba. A 2015 an tuhumi wata jami'ar ƙungiyar ɗalibai a wata jami'ar Landan kan wani take da ke cewa a kashe farare maza, wanda ta bayyana a matsayin shaguɓe. An janye tuhumar kafin a fara shari'a. Shaguɓen bai burge ni ba, kuma a gari irin namu ba zan ba kowa shawarar wasa da kalmar kisa ba. Abin yi: ka ɗauki hoton zagin, ka rufe wani ɓangare na kalmar, ka bayyana a layin farko cewa kai aka faɗa wa, ka ɗaukaka ƙara idan an rufe.

Ba gara a yi doka mai tsauri kan kalaman ƙiyayya ba?

Kafin ka nemi a ƙera bulala, ka duba hannun da zai riƙe ta. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3 ko tarar naira miliyan 7 kan saƙon da ya ɓata rai ko ya ci zarafi, kuma 'yan jarida da masu sukar manya suka fi ɗanɗana shi. Kotun ECOWAS ta ce a 2020 ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, aka taƙaita shi a gyaran 2024. Ƙudirin da Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya kawo a 2019 har rataya ya tanada idan kalamai suka jawo mutuwa. Bai zama doka ba. A Kano a 2022 kotun majistare ta yanke wa masu barkwanci biyu na TikTok bulala 20 da sharar harabar kotu saboda sun yi wa gwamna shaguɓe.

Ina goyon bayan hukunta mai kiran a kashe ko a kori wata al'umma, kuma dokokin da ke akwai sun isa hakan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne aiwatar da su kan masu gata. Gwamnatin jiha ta ba da umarnin kama masu wa'adin 2017 da aka ambata a sama, amma an gan su suna ci gaba da taron manema labarai.

Sai da izinin 'yan sanda ake zanga-zanga?

A'a. Sashe na 39 da na 40 na tsarin mulki sun ba da 'yancin magana da taro, kuma a 2007 kotun ɗaukaka ƙara, a shari'ar Sufeto Janar da jam'iyyar ANPP, ta ce sharaɗin neman izini ya saɓa wa tsarin mulki. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ɗora musu ba da tsaro idan an sanar da su. Sanarwa ke nan, ba roƙo ba. A aikace kuwa mun ga zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024: bayan fashe-fashe aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya, a Nuwamba kuma aka ga yara ƙanana na faɗuwa a kotun Abuja ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa, kafin shugaban ƙasa ya ce a sake su.

Ƙasashen da ke mana huɗuba ma suna matse nasu. A Yunin 2020 masu zanga-zanga a Bristol suka tumɓuke gunkin Edward Colston, ɗan kasuwar bayi, suka jefa a ruwa. Masu taya alƙali hukunci suka wanke mutum 4 a Janairun 2022. A shekarar majalisar Birtaniya ta ba 'yan sanda ikon taƙaita zanga-zanga saboda ƙara, ta kuma kai hukuncin lalata gunkin tunawa har shekara 10. Sai dai Kaduna ba Bristol ba ce. A nan duk mai shirya fita dole ya yi tunanin gadar da zai tsallaka, da waƙar da za a rera, da wanda zai shigo daga baya da tasa manufar.

Yaya zan bambanta zafin magana da tunzurawa?

Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya da suka zauna a Rabat a 2012 sun ba da ma'auni shida: yanayin da ake ciki, matsayin mai magana, nufinsa, abin da ya faɗa da salonsa, nisan da maganar ta kai, da yiwuwar ta haifar da ɓarna. Ɗalibin da ya rubuta cewa ya gaji da raini ba ɗaya yake da mai wa'azi ko ɗan siyasa da ya gaya wa dubbai, mako guda bayan an binne gawawwaki, cewa mutanen unguwa kaza ne abokan gaba. Mai fushi yana ambaton abin da aka yi masa. Mai tunzurawa yana ambaton inda za a same su.

Kakata da limaminmu suna faɗin kalmomin nan. Na fallasa su ne, ko na yi shiru?

Ba ko ɗaya. Lokacin da Abu Zarri ya aibata wani da mahaifiyarsa, Annabi (SAW) ya gaya masa a fuska cewa akwai sauran jahiliyya tare da shi, kuma bai kore shi daga cikin sahabbai ba. Tsohuwar da ta girma tana jin "arne" a matsayin suna ba ta yi daidai da mai kujera da ke jefa kalmar a taron siyasa ba. Shi a fili ya faɗa, a fili za a amsa masa. Ita kuwa ka jira baƙi su tafi. Wani matashi daga Rigasa ya ce mana abin da ya yi ke nan. Ya ce, "Iya, ungozomar da ta karɓi haihuwar jikanki a asibiti, da ta ji kin kira ta haka, me za ta ji?" Ta ce ai ita waccan mutuniyar kirki ce, ba ita take nufi ba. Ya ce, "To wa kike nufi, Iya?" Ta yi shiru, ta ce ya miƙo mata goronta. Limami kuma bayan sallah ake samunsa, a gaishe shi, a ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya kan aya ta 11 a Hujurati."